Waiwaye: Idan dillalin hannun jari ya ci amana, ina ake bin kuɗin?

Asara iri biyu ce a kasuwar hannun jari, kuma mutane kan haɗa su waje guda. Akwai wadda kasuwa ke jawowa: farashi ya faɗi, ba laifin kowa, sai haƙuri. Akwai kuma wadda dillali ke jawowa: ya sayar da hannun jarinka ba da izininka ba, ko ya sayar da izini amma ya riƙe kuɗin, ko ka ba shi kuɗi ya saya maka ya yi awon gaba da su. Ta biyun ce kaɗai doka ke cewa a biya ka, kuma Najeriya ta daɗe tana lalube kan yadda za a yi wannan biya.

An kafa kasuwar a Legas a 1960, aka fara ciniki a 1961, daga baya aka buɗe rassa a Kaduna da Kano. A wancan zamani komai takarda ne. Mutum ya karɓi takardar shaidarsa ya naɗe ya jefa ƙasan akwati, ranar sayarwa ya miƙa wa dillali tare da fom ɗin da ya sa wa hannu. Daga nan sai abin da dillali ya faɗa masa. Ko bayan da kamfanin CSCS ya fara ajiye bayanan hannun jari a kwamfuta a 1997, kuɗin ciniki ta hannun dillali suke bi kafin su iso ga mai su. Wannan ƙofar ita ce aka bari a buɗe shekara da shekaru.

Dokar zuba jari ta 1999 ta kawo kotu ta musamman, wadda ake kira IST, don kada irin waɗannan ƙararraki su tsufa a kotunan yau da kullum. An ɗora mata yanke hukunci cikin wata uku, wanda bai gamsu ba ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara. Dokar 2007 ta sake jaddada wannan, ta kuma wajabta wa kasuwa ta tanadi asusun biyan diyya.

Sai ga 2008. Tun lokacin da Babban Banki, ƙarƙashin Charles Soludo, ya umarci bankuna su ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25, aka yi ta tallar hannun jari a rediyo da jaridu. 'Yan kasuwa, malaman makaranta, 'yan fansho, kowa ya shiga, wasu ma da bashin banki. A watan Maris na 2008 darajar kasuwar ta haura naira tiriliyan 12, kafin shekara ta zagayo fiye da rabi ya narke. In ruwa ya janye ake ganin abin da ke ƙasan kogi: mutane suka ruga su ceci ragowar dukiyarsu, wasu suka tarar an daɗe da sayar da ita, wasu kuma ashe ba a taɓa saya musu komai ba.

Asusun diyyar bai tashi da ƙafafunsa ba sai 2012, da aka naɗa masa amintattu. A 2015 ya sanar da biyan mutum 158 kimanin naira miliyan 42. Amma a lokacin akwai iyaka: kowane mutum ba zai karɓi fiye da naira 400,000 ba, ko nawa aka ci masa. Ga ƙaramin mai jari wannan wani abu ne. Ga wanda ya zuba kuɗin sallamarsa na aikin shekara talatin, ko cikin cokali bai kai ba.

Manyan shari'o'i biyu sun nuna inda gizo ke saƙar. A 2015 hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari, ta dakatar da kamfanonin BGL masu harkar dillanci da zuba jari bayan ƙorafe-ƙorafen masu jari sun yi yawa, daga baya ta haramta wa shugabanninsu harkar kasuwar. Sai na kamfanin dillanci na Partnership Securities, inda aka sayar da hannun jarin Arnold Ekpe, tsohon shugaban bankin Ecobank, na sama da naira biliyan ɗaya, kuɗin ba su iso gare shi ba. A 2017 SEC ta haramta wa shugaban kamfanin harkar har abada. To, in tsohon shugaban banki zai faɗa wannan rami, ina ga ɗan tireda a Sabon Gari? Kuma ƙwace lasisi daban, dawo da kuɗi daban. Kafin hukunci ya fito, sau tari kamfanin ya riga ya tsiyace, mai gaskiya ya tashi da takardar nasara a hannu, aljihu wayam.

A ganina, ci gaban da aka samu na gaske a wajen rigakafi yake. Saƙon waya da ke shigowa da zarar an taɓa asusunka na CSCS ya rage ɓarna. Tsarin da aka fara a 2016, na tura kuɗin ciniki kai tsaye zuwa asusun banki na mai jari ba tare da sun ratsa hannun dillali ba, shi ya kama hanyar toshe waccan tsohuwar ƙofa. An kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin dillalai, abin da ya kori ƙananan kamfanoni da dama.

Hanyar ƙorafi a yau tsani ce. Ka fara rubuta wa dillalin, in bai warware ba ka kai ga kasuwar, wadda sunanta ya koma NGX a 2021, sannan SEC, wadda ke da ofis a Kano, sannan IST. In akwai zamba ƙarara, EFCC na shiga. Duk matakan nan takarda suke tambaya: rasidin biya, takardar shaidar ciniki, bayanin asusun CSCS. Waɗanda suka fi shan wuya su ne magada, da sai wajen rabon gado suke cin karo da takardun marigayi, su je neman dillalin su tarar an soke lasisinsa tun shekaru goma baya.

A watan Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta maye gurbin ta 2007, wadda ta ƙara wa SEC ƙarfi, ta kuma tanadi ɗauri ga masu shirya kasuwancin bogi na ninka kuɗi.