Waiwaye: Yadda Gemu Ya Ɓace Daga Fuskokin Shugabannin Mormon

Duk wanda ya ga matasa masu wa'azi na cocin Mormon, wata ɗariƙar Kirista da ta samo asali a Amurka, da farar riga da lakataye, fuska tas ba ko gashi, zai ɗauka haka addinin ya taso. Ba haka ba ne.

Gaskiya Joseph Smith, wanda ya kafa cocin a 1830 a Amurka, bai ajiye gemu ba. Amma tun daga magajinsa Brigham Young, wanda ya jagoranci hijirar mabiya zuwa Utah, har zuwa George Albert Smith da ya rasu a 1951, shugabannin cocin duk masu gemu ne. Na Lorenzo Snow da Joseph F. Smith kuwa har ƙirji yake sauka. A wancan zamani gemu alamar dattaku ce.

Sai dai wannan gemun ya ɗauko wa cocin kaya. Amurkawa sun saba ganin zanen ɗan Mormon a jaridu a matsayin tsoho mai dogon gemu da tarin mata, kuma ko bayan da shugaban cocin Wilford Woodruff ya shelanta daina auren mace fiye da ɗaya a 1890, hoton bai gushe ba. Da David O. McKay ya hau mulki a 1951 da fuska a aske, sai ya zamo sabuwar fuskar cocin. Daga kansa ba a sake yin shugaba mai gemu ba.

Abin ya koma doka ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da matasan Amurka ke tara gashi suna zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam. Jami'ar Brigham Young, mallakin cocin, da ke garin Provo a Utah, a zamanin shugabanta Ernest Wilkinson, ta hana ɗalibai gemu don kada a haɗa su da masu bore. A 1971 sabon shugaban jami'ar, Dallin Oaks, ya faɗa wa ɗalibai cewa gemu ba laifi ba ne a kan kansa, dokar ta yanayin zamani ce kuma tana iya sauyawa. Zamanin ya wuce, dokar tana nan. Abin dariyar ma, jami'ar tana ɗauke da sunan mutumin da da gemunsa aka fi saninsa.

A yau ɗalibin da ke son barin gemu sai ya nemi izini na musamman, ko saboda ciwon fata ko don wasan kwaikwayo. A 2014 wasu ɗalibai suka yi jerin gwanon kekuna suna neman a soke haramcin. A 2015 jami'ar ta buɗe ƙofar izini saboda addini, abin da ya shafi Musulmi da 'yan Sikh. Gyaran dokokin sutura na 2023 bai taɓa batun gemu ba.

Masu wa'azi har yanzu dole su yi aski. Sauran mabiya kuwa babu nassin da ya hana su, kuma masu gemu sai ƙaruwa suke yi a majami'u ranar Lahadi, ko da yake a wasu wurare wanda aka ba muƙami yakan ji ana yi masa shaguɓen reza.