Wai me dokar Euro 6 ta ce kan hayaƙin motar dizal?

Tarayyar Turai ta fara sa wa hayaƙin mota iyaka tun 1992 da Euro 1, ana ta ƙara matsewa har aka zo Euro 6, wadda daga Satumban 2015 duk sabuwar ƙaramar mota sai ta cika ta kafin a sayar. Abin da ta fi sa wa ido a dizal shi ne iskar NOx, mai cin huhu da tayar da asma. A Euro 5 an yarda mota ta fitar da miligiram 180 a kowace kilomita, Euro 6 ta ce 80 kawai.

Dokar fa ba ta ce dole ka sa na'ura kaza ba, iyaka ta gindaya, kamfani ya san yadda zai yi. To NOx ɗin nan zafi ne ke haifar da ita, in wuta ta yi tsanani a cikin silinda sai iskar da injin ya shaƙa ta rikiɗe ta zama guba, shi ya sa aka kawo EGR, wani bawul da ke ɗibar wani kaso na hayaƙin da ya nufi salansa, a sanyaya shi a maida shi cikin injin, iskar oksijin ta ragu, zafin ƙonewar ya sauka. Ana kuma fesa man kashi-kashi maimakon lokaci guda. Matsalar ita ce in zafi ya ragu baƙin hayaƙi na ƙaruwa, dole aka haɗa da matatar DPF mai tace baƙin, wasu motocin har da ruwan AdBlue da ake fesawa cikin salansa don ƙara rage NOx.

A 2015 hukumar muhalli ta Amurka ta kama Volkswagen da manhajar da ke gane lokacin gwaji, mota ta yi ladabi, a titi kuma ta saki hayaƙinta, motoci kusan miliyan 11 a duniya. Daga 2017 Turai ta fara gwaji a kan titi ma.

Abin da ke damuna wallahi shi ne motocin nan in sun iso mana a matsayin Beljiyam. An ƙera su ne don man da sulfa ɗinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, in suka sha mai datti bawul ɗin EGR ya cushe da baƙi, sai bakanike ya ce oga a toshe shi kawai a huta. Mota za ta ja, eh, amma mai talla a bakin titi da ɗan acaɓan da ke bayanka su ke shaƙa. Bawul ɗin ana iya kwance shi a wanke a mayar.