Fasahar 5G: sharuɗɗanta da abubuwan da aka gina ta a kansu

5G shine zubi na biyar na tsarin sadarwar wayar salula, wanda ya biyo bayan 4G. A hukumance sunansa IMT-2020 a wajen Hukumar Sadarwa ta Duniya wato ITU mai hedikwata a Jeniba, ita ce ke gindaya sharuɗɗan da dole fasaha ta cika kafin a sa mata wannan suna, sai kuma ƙungiyar 3GPP wadda ta haɗa hukumomin tsara ƙa'idoji na Turai da Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Sin da Indiya, ita kuma ta zauna ta rubuta dalla-dalla yadda waya da eriya za su riƙa magana da juna. Yawancin mutane sun ɗauka 5G saurin data ne kawai, alhali sauri ɗaya ne daga cikin buƙatu uku da aka tsara ta dominsu, kuma akasarin dabarun da ta tsaya a kansu tsofaffi ne, wasu ma sun girmi ita kanta wayar salula.

Asali

Kusan duk bayan shekara goma ake samun sabon zubi. Kamfanin NTT ya buɗe sabis na farko a Tokyo a 1979, ƙasashen arewacin Turai suka biyo da tsarin NMT a 1981, lokacin murya ce kaɗai ake aikawa kuma ba wani sirri, duk mai rediyon da ke kama mitar zai iya sauraron hirar mutane. Zubi na biyu wato GSM ya fara aiki a Finland a 1991, shi ya yaɗa katin sim da saƙon tes, kuma shine ya iso Najeriya a 2001 bayan gwanjon lasisi da hukumar sadarwa ta ƙasa wato NCC ta yi a farkon shekarar. A wannan shekarar dai Japan ta ƙaddamar da 3G. Shi kuwa 4G na tsarin LTE kamfanin TeliaSonera ne ya fara kunna shi a biranen Stockholm da Oslo a Disambar 2009.

Ba a iya tsayar da takamaiman ranar da aka fara maganar 5G ba, amma wajajen 2012 zuwa 2013 ne bincike ya kankama a jami'o'i da kamfanoni, ciki har da shirin METIS da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi. A Satumbar 2015 ITU ta fitar da daftarin burinta, a ƙarshen 2017 kuma ta fitar da alƙaluman da za a auna kowace fasaha da su.

Sharuɗɗan

ITU ta kasa aikin gida uku. Na farko intanet mai faɗi a waya, irin na kallon bidiyo da sauke manyan fayil. Na biyu sadarwa mai tabbas wadda ba jinkiri, don injinan masana'anta da motoci da layukan wutar lantarki, inda in saƙo ya makara ko da ƙiftawar ido ɓarna na iya faruwa. Na uku kuma haɗa ɗimbin ƙananan na'urori irin mitar ruwa da na'urar auna danshin ƙasa a gona, waɗanda ɗan saƙo kaɗan suke turawa amma ana so batirinsu ya yi shekaru.

A alƙaluma, ƙololuwar gudu shine gigabit 20 a daƙiƙa wajen saukewa da gigabit 10 wajen turawa, sai dai wannan na waya ɗaya ne da aka bar mata duk zangon mitar rediyon a yanayi mafi kyau, ba abinda mutum zai gani a hannunsa bane. Wanda ya shafi mai waya shine megabit 100 na saukewa da 50 na turawa a cikin gari mai cunkoso, kuma ana so ko wanda ke can gefen inda sabis ya fara rauni ya samu kusan haka. Jinkiri a ɓangaren rediyo kar ya wuce milisakan 4 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) ga intanet na yau da kullum, milisakan 1 ga aikin gaggawa. Murabba'in kilomita ɗaya ya ɗauki na'ura miliyan 1, kuma kira kar ya yanke ko mutum na cikin jirgin ƙasa mai gudun kilomita 500 a awa. Na tabbas ɗin shine ƙaramin saƙo ya isa cikin milisakan 1 a kashi 99.999 cikin ɗari na lokutan da aka tura shi.

Abin lura anan shine sharuɗɗan nan ba a tare ake cika su ba, hasali ma suna cin karo da juna, in ana son tabbas sai an maimaita saƙo ko an ƙara masa kariya wanda hakan ke rage gudu, in ana son batiri ya daɗe sai na'urar ta riƙa barci wanda ke ƙara jinkiri. Dan haka aka tsara rediyon 5G ta yadda za a iya miƙa shi ko a tsuke shi gwargwadon aikin da ke gabansa.

Zangon mita

Ba a samun gudu sai da faɗin zango, kuma zangunan ƙasa duk sun cika da talabijin da rediyo da tsofaffin sabis. Hawa uku ake amfani da su. Na ƙasa da gigahaz 1, kamar megahaz 700, yana tafiya nesa yana ratsa bango amma bashi da faɗi. Na tsakiya wajen gigahaz 3.5 shine ƙashin bayan 5G a mafi yawan ƙasashe, nan ne kamfani ke samun megahaz 100 a dunƙule. Sai na sama, daga gigahaz 24 zuwa sama, wanda tsawon igiyarsa milimitoci ne kawai. An daɗe ana ganin wannan bai dace da wayar hannu ba saboda bango da ganyen bishiya da ruwan sama har da tafin hannun mai waya duk suna tare shi, sai da wani farfesa a Amurka mai suna Theodore Rappaport da ɗalibansa suka yi awo a titunan Austin da New York a farkon shekarun 2010 suka nuna cewa igiyar na dukan gini ta dawo kuma za a iya kama ta a tazarar kamar mita 200. Babban taron rediyo na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2019 ya ware wasu zanguna na sama don wannan aiki. Duk da haka har yanzu bai yaɗu sosai ba, an fi samunsa a filayen wasa da tsakiyar wasu manyan birane, musamman a Amurka.

Eriya

Tsohuwar eriya watsa sigina take yi ko'ina a yankinta kamar fitilar ƙwai a tsakar ɗaki, ta 5G kuwa haska kowace waya take yi kamar tocila. Ana yin haka ne ta jera ƙananan eriyoyi da yawa a allo ɗaya, an fi ganin masu hanya 32 ko 64, a daidaita lokacin fitar sigina daga kowace ta yadda za su haɗu su yi ƙarfi a wajen da wayar take su kashe juna a wani wajen. Amfanin shine mutane da yawa za su yi aiki da mita ɗaya a lokaci ɗaya ba tare da sun shiga layin juna ba. Thomas Marzetta na Bell Labs ne ya shimfiɗa lissafin wannan a 2010.

Lambobin gyara kuskure

Wannan ɓangaren ba a cika maganarsa ba amma duk wani saƙo da ya bi iska ta nan yake tsira. Iska cike take da hayaniya, dan haka ake ƙara wa saƙo wasu lambobi na musamman da wayar da ta karɓa za ta gano kuskure da su ta gyara da kanta. A 1948 Claude Shannon ya tabbatar da cewa kowace hanyar sadarwa tana da iyakar abinda za ta iya ɗauka ba kuskure, amma bai faɗi yadda za a kai wannan iyaka ba, sai masana suka shafe gomman shekaru suna nema.

Wajajen 1960 wani ɗalibin digirin digirgir a jami'ar MIT mai suna Robert Gallager ya ƙirƙiro tsarin da ake kira LDPC. Tsarin yana da kyau ƙwarai sai dai kwamfutocin zamanin ba za su iya lissafinsa ba, haka aka ajiye shi kusan shekara talatin ba mai waiwayarsa. A 1993 Claude Berrou da abokan aikinsa a Faransa suka fito da lambobin turbo waɗanda suka matso dab da iyakar Shannon har wasu masana suka ƙi yarda da farko, su ne 3G da 4G suka yi aiki da su. Wannan ya farfaɗo da bincike, a tsakiyar shekarun 1990 David MacKay na Cambridge da wasu suka sake gano aikin Gallager suka ga ashe shima yana kaiwa can, daga baya ya shiga Wi-Fi da talabijin na tauraron ɗan adam. Sai kuma Erdal Arıkan na jami'ar Bilkent da ke Ankara ta Turkiyya, wanda shi kansa ɗalibin Gallager ne a MIT, ya fito da lambobin pola a wajajen 2008 zuwa 2009, na farko masu sauƙin ginawa da aka tabbatar a lissafi cewa suna kai iyakar.

Da aka zo zaɓen wanda 5G zai ɗauka a ƙarshen 2016 sai da aka kai ruwa rana, dan duk wanda tsarinsa ya shiga ƙa'ida zai daɗe yana cin kuɗin haƙƙin mallaka. Kamfanin Qualcomm na Amurka na bayan LDPC, Huawei ta Sin ta zuba jari a pola, wasu kamfanonin Turai irinsu Orange na son a ci gaba da turbo. A taron 3GPP na Lisbon da na Reno ta jihar Nevada aka raba gardama, LDPC ya ɗauki data, pola ya ɗauki saƙonnin sarrafa layi. Kenan aikin malami da na ɗalibinsa ne ke tafiya tare a cikin kowace wayar 5G.

Cibiya

Manyan injinan cibiyar netwok an mai da su manhaja da ke gudana a kwamfutoci na gama-gari, hakan ya sa ake iya yanka netwok ɗaya kashi-kashi a ba asibiti nasa, masana'anta nata. Ana kuma matso da rumbun kwamfuta kusa da eriya, domin haske a wayar faiba kilomita 200 kacal yake ci a milisakan ɗaya, in rumbun na wata nahiya to maganar rashin jinkiri bata taso ba. Ƙa'idar farko ta Disambar 2017 ta jingina rediyon 5G ne a kan cibiyar 4G, mai cin gashin kanta ta fito a Yunin 2018, kuma kamfanoni da yawa a duniya na kan ta farkon har yau.

Duk wannan sai da faiba zuwa gindin turken eriya da tsayayyar wuta, inda babu su eriyar banza ce.

Ƙaddamarwa

Koriya ta Kudu ta kunna nata a daren 3 ga Afrilun 2019, Verizon ta Amurka ta buɗe a Chicago da Minneapolis kusan lokaci guda, kowa na cewa shine na farko. A Najeriya NCC ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 a Disambar 2021 zamanin Isa Ali Pantami na ministan sadarwa, MTN da Mafab suka ci a kan dala miliyan 273.6 kowanne. MTN ta fara a 2022 a wasu birane da suka haɗa da Legas da Abuja da Kano da Maiduguri, Airtel ta biyo a 2023.

Taƙaddama

Amurka ta ƙaƙaba wa Huawei takunkumi a 2019 bisa zargin tsaro, Birtaniya ta hana kayanta a netwok ɗin 5G a 2020, kamfanin ya musanta. A 2020 jita-jitar alaƙanta 5G da cutar korona ta sa aka ƙona turaku a Ingila, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaryata ta.

Zubi na gaba

A Nuwambar 2023 ITU ta amince da daftarin IMT-2030 wanda ake kira 6G, ya ƙara maganar haɗa sadarwa da ƙirƙirarriyar basira, da amfani da siginar wajen gane motsi da tazarar abubuwa, da kai sabis ga wuraren da babu. Ana sa ran fara aikinsa wajajen 2030.