Shin dole ne haiku ta cika gaɓa 17?

Haiku gajeriyar waƙa ce mai layi uku. An daɗe ana koyar da cewa waƙar haiku ta Turanci sai ta cika gaɓa 17, a jere 5-7-5. Lissafin daga Japan ya samo asali, sai dai Japanawa ba gaɓa suke ƙirgawa ba, gajerun sautuka ne da suke kira "on". Dogon wasali sauti biyu ne a wurinsu, don haka Tokyo huɗu ce: to-o-kyo-o. Ke nan "on" 17 ba su kai tsawon gaɓa 17 na Turanci ba.

Shi ya sa mawaƙan Turanci da yawa ke tsayawa tsakanin gaɓa 10 zuwa 14, domin cusa kalmomi don cike gurbi yana kashe waƙar. Sun fi kula da kalmar da ke nuna lokacin shekara, da ɗan tsayawa tsakanin hotuna biyu da waƙar ke zanawa a zuciya.

Ku ɗauki littafin haiku na zamani, ku ƙirga gaɓoɓin waƙoƙi 20 da yatsa. Don Allah a tura wa masu sha'awar waƙa.