Camfe-camfen hana ɗaukar ciki bayan saduwa a Damagaram

Camfe-camfen hana ɗaukar ciki bayan saduwa dabaru ne da mata ke gaya wa juna a asirce, don kada ciki ya shiga idan an sadu ba kariya, ko kwaroron roba ya fashe, ko an manta da shan ƙwayar tazarar haihuwa. A Zinder, wato Damagaram, ana jin su a unguwannin Birni da Zango har ƙauyuka, musamman wajen mai goyo da ke tsoron kwanika.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne tashi nan take a yi fitsari, a yi tsarki da ruwan zafi, ko a tsuguna a yi ta tsalle. Ba ɗaya da ke aiki. Hanyar fitsari dabam take da ta mahaifa, kuma cikin mintoci kaɗan ƙwayoyin maniyyi sun wuce bakin mahaifa, inda ruwa ba ya kaiwa. Suna iya rayuwa a jikin mace har kwana 5 suna jiran ƙwai, wanda ba ya wuce awa 24 bayan fitowarsa.

Dabarun da ake sha sun fi muni. Wata za ta jiƙa kanwa a kwanon sha har ruwan ya yi duhu ta shanye, wata ruwan gishiri ko lemun tsami, wata Coca-Cola, wata kuma ta sayi kafson ampisilin ko kinin wajen mai tallan magani. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke hana ciki shiga. Kanwa da gishiri mai yawa suna wahalar da ƙoda, kinin fiye da ƙima yana iya taɓa ido da zuciya, matsin kanwa kuwa yana ƙona gaba. Shayarwa tana karewa ne kawai idan jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, haila kuma ba ta dawo ba.

Babbar ɓarnar waɗannan dabaru ita ce cinye lokaci, don maganin gaskiya da sa'o'i ake auna shi. Ƙwayar gaggawa ta levonorgestrel, miligiram 1.5, irin NorLevo, ana shan ta cikin awa 72, kuma gara yau da gobe. Aikinta jinkirta fitowar ƙwai, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Wadda ta yi amai cikin awa 2 sai ta sake sha. Robar mahaifa mai jan ƙarfe, idan ungozomar likita ta saka ta cikin kwana 5, tana karewa fiye da kashi 99 cikin 100.

Tun 2006 Nijar ta kafa dokar lafiyar haihuwa, kuma a jihar Damagaram aka fara Makarantar Mazaje a 2008 da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, don maigida ya daina tare wa matarsa hanyar likita. Duk da haka kunya na hana mata da yawa tambayar ƙwayar gaggawa a CSI, wato ƙaramar likita ta unguwa ko ƙauye, ko farmasi. Idan haila ta makara fiye da mako guda, a je a yi gwajin ciki.