Bayofidbak: na'urar da ke nuna maka abin da jikinka ke yi

Mene ne bayofidbak ɗin nan?

Horo ne da ake yi wa jiki da taimakon na'ura. Za a manna maka 'yan wayoyi a goshi ko a yatsa, ko a ɗaura maka ɗamara a ƙirji, sai allo ya riƙa nuna maka bugun zuciyarka, ɗaurewar tsokar wuyanka, zafin yatsunka ko gumin tafin hannunka. Ka sassauta kafaɗa, ka ga layin ya sauka. Ka tuno bashin da ake bin ka, ka ga ya hau. Da maimaici mutum yake koyon saukar da shi da kansa, har ranar da zai yi ba tare da allon ba.

To na'urar ce ke warkarwa ke nan?

A'a. Aikinta na madubi ne, wayoyin awo kawai suke yi. Mai aikin kai ne, kuma sai an yi ta komawa zama bayan zama, ana kuma gwadawa a gida. Ga misali: a horon bugun zuciya, ana koya wa mutum jan numfashi kusan sau 6 a minti ɗaya.

Wane ciwo yake yi wa amfani?

Inda aka fi samun shaida shi ne ciwon ɓarin kai, ciwon kai na ɗaurewar jijiyoyin wuya, fargaba, da wani nau'in taurin bayan gida. Sai kuma ɗigar fitsari lokacin tari ko atishawa, wanda ke damun mata da yawa bayan haihuwa amma kunya ta hana su faɗa. Tun 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya yi amfani da ma'auni don mace ta ga ƙarfin matse tsokar ƙugunta. Amma a kula, wannan daban yake da yoyon fitsari na doguwar naƙuda. Shi wancan yagewa ce, tiyata yake buƙata, kuma duk wanda ya ce zai ɗinke shi da allo yaudara ce.

Mai hawan jini fa? Kada ya ajiye ƙwayarsa sai likita ya ce.

Su wa ke sa ido a kan masu wannan sana'a?

Ƙungiyar farko ta masu bincike da aikin bayofidbak an kafa ta a 1969 a Santa Monika ta jihar Kalifoniya a Amurka, ita ce yau ake kira AAPB a taƙaice. A 1981 aka samar da wata hukuma mai suna BCIA, mai ba da takardar shaidar ƙwarewa bayan karatu, aiki ƙarƙashin ƙwararre da jarrabawa. Ban da su akwai ƙananan ƙungiyoyi na yankuna a Amurka. Aikinsu ba na ƙyalƙyali ba ne: taron shekara, bitar sabunta ilimi, jaridar mambobi, da haɗa sabon shiga da wanda ya daɗe a harkar. A ganina wannan na ƙarshen ya fi komai daraja, don sayen na'ura ba wuya, karanta ta ne aiki.

Waɗanda ke yawo da kwamfuta, a ba ka ƙarfe ka riƙe, minti biyu a lissafo maka cuta goma fa?

Ba shi ba ne, ko da sun ari sunan. Bayofidbak ba ya gano ciwon hanta ko ƙoda, ba ya kuma ƙarewa da a sayar maka da kwalaben magani.

A Kaduna ina zan fara?

Daga likita, a fara gano abin da ke damunka. In fargaba ce, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. In matsalar tsoka ce, ka nemi sashen gashin ƙashi a asibitin Barau Dikko ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ka tambaye su ko suna yin irin wannan horo. Duk wanda ya ce maka shi ƙwararre ne, ka tambaye shi ina ya koya, kuma wace hukuma ta ba shi lasisi.