Waiwaye: Yadda aikin nas ɗin makaranta ya faro, da yadda yabonsa ya makara

A ranar 1 ga Oktoban 1902 wata ma'aikaciyar jinya 'yar asalin Kanada mai suna Lina Rogers ta rataya jakarta ta shiga wata makarantar gwamnati a unguwar talakawa ta birnin New York. Aronta aka yi na wata guda, a gwada a gani. Makarantu huɗu aka ɗora mata, yaran da ke cikinsu sun kai kimanin 10,000. Ba a tanadar mata ɗaki ba. A wata makarantar lungun da ke ƙarƙashin matakalar bene aka ba ta, a wata kuma bakin taga ne teburinta. A nan take wanke miki, ta shafa wa mai makero magani, ta duba idon da ya yi ja. Idan an tashi daga makaranta sai ta bi yaran da aka kora gida, ta zauna da iyayensu mata ta nuna musu yadda za su yi.

Duk wata lambar yabo da ake miƙa wa nas ɗin makaranta a Amurka a yau, da ranar da aka ware musu, daga wannan lungun suka samo asali. Amma kafin a kai ga yabon sai da aka sha doguwar tafiya, kuma akwai dalilin da ya sa ya makara.

Likitoci ne suka fara shiga makarantu, ba nas-nas ba. Birnin Brussels na Beljiyam ya kafa tsarin duba lafiyar ɗalibai a kai a kai tun 1874. Boston ta bi sahu a 1894 bayan cutar mashaƙo ta addabi yara, New York kuma ta ɗauki likitoci 150 a 1897. Aikin likitan makaranta a wancan zamani ɗaya ne: ya gano yaron da ke ɗauke da cuta mai yaɗuwa, ya rubuta takarda, a sallame shi gida. Daga nan ba ruwansa. Takardar kan isa hannun uwar da ba ta jin Turanci, ko wadda ba ta da kuɗin magani. Yaron da aka ce kada ya zauna kusa da 'yan ajinsu sai ya wuni a bakin titi, da an tashi kuma ya koma wasa da su. Cutar ba ta tsaya ba, karatun ne ya tsaya.

Wadda ta fara ɗaga murya kan wannan ita ce Lillian Wald, nas ɗin da ta kafa cibiyar Henry Street mai kai jinya gida-gida a New York a 1893. Ta taɓa cin karo da wani yaro ɗan shekara 12 da bai iya karatu ba, domin duk lokacin da ya je makaranta sai a mayar da shi saboda wasu ƙuraje a kansa. An ba mahaifiyarsa magani, amma ba wanda ya nuna mata yadda ake shafawa. Da aka yi masa jinyar da ta dace, ya warke ya shiga aji. Wald ta kuma ji labarin abin da ake yi a Landan, inda tun 1892 wata nas mai suna Amy Hughes ta fara leƙa wata makaranta a unguwar Drury Lane. Sai ta je wa hukumomin birni da tayi: ga nas guda daga cikin nata, wato Lina Rogers, kyauta, na wata ɗaya. Idan abin ya yi amfani, birni ya ɗauki nauyin ci gaba.

Abin ya yi amfani fiye da zato. Kafin shekarar ta ƙare an ɗauki ƙarin nas-nas goma sha biyu, Rogers tana shugabantarsu. Alƙaluman da har yanzu masu wannan sana'a ke tinƙaho da su su ne waɗannan: a Satumban 1902 yara 10,567 aka kora daga makarantun birnin saboda rashin lafiya, a Satumban 1903 kuwa 1,101 kacal. Ba wai ƙazwa da makero da ƙwarƙwata sun ɓace ba ne cikin shekara guda. Dabarar aka sauya. Yaron da ciwonsa bai kai na keɓewa ba, a yi masa magani a nan makaranta ya koma aji. Wanda aka tura gida kuma akwai mai bin sawunsa har ya dawo.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, domin wannan ne karo na farko, kuma kusan na ƙarshe, da aka iya auna aikin nas ɗin makaranta da lissafi mai sauƙi haka. Kujerar da babu kowa a kanta jiya, yau ga yaro a kai, kowa na gani. Da tsarin ya zauna da gindinsa sai nasarar ta koma abin da bai faru ba: annobar da ba ta ɓarke ba, yarinyar da ba ta faɗi a filin wasa ba domin an tuna mata ta shaƙi maganin asmarta, yaron da bai maimaita aji ba domin an gano da wuri cewa ba ya hango allo. Kowa ya yarda rigakafi ya fi magani, amma wanda ya yi maganin shi ake tafa wa. Wanda ya yi rigakafin ba shi da abin nunawa.

Rogers kanta ba ta tsaya a New York ba. Ta koma Kanada a 1910 ta kafa irin wannan tsari a makarantun Toronto, inda ta matsa kan duba haƙoran yara da wanke hannu, a 1917 kuma ta wallafa littafin da ake ɗauka a matsayin na farko kan wannan fanni.

A Birtaniya yaƙi ne ya buɗe wa gwamnati ido. Lokacin yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, an tarar da yawa daga cikin samarin da suka zo shiga soja ba su da ƙoshin lafiyar da za a ɗauke su. Kwamitin da aka kafa ya miƙa rahotonsa a 1904, aka yi dokar ciyar da ɗalibai a 1906, sannan dokar 1907 ta wajabta wa hukumomin ilimi duba lafiyar yaran makarantun firamare. Nas ta zama ƙashin bayan wannan tsari. Sai dai abin da ya zauna a ƙwaƙwalwar yaran Ingila na tsawon shekaru ba shi ne ceton da ta yi ba. Layin da ake jera su ne, tana bi tana yamutsa gashin kowa da yatsu tana neman ƙwarƙwata, har suka laƙaba mata suna a kan haka. Wannan hoton ya daɗe yana bin sana'ar, ya sa ake mata kallon ƙaramin aiki, na mai manna filasta da duba kai.

Japan ta bi wata hanya ta daban, kuma a ganina ita ce ta fi kowa gane inda mutuncin aikin yake. A can ma ciwo ne ya kawo nas makaranta, amosanin ido da ya yaɗu tsakanin yara, inda aka fara ɗaukar su a lardin Gifu a 1905. Amma daga 1941 sai aka shigar da su sahun malamai, dokar ilimi ta 1947 kuma ta tabbatar da haka. Yau ana kiranta malamar yogo, wato malamar kula da lafiyar ɗalibai, tana da ɗakinta, tana da matsayi irin na kowane malami. Har akwai yaran da zaman aji ya gagare su saboda damuwa ko tsangwama, amma suna iya zuwa ɗakin lafiya su wuni a wurinta, daga nan a lallaɓa su koma aji sannu a hankali.

Aikin kansa ya sauya kama bayan tsakiyar ƙarni na 20. Alluran rigakafi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun rage ƙarfin cututtukan da suka haifar da sana'ar, sai wasu suka zaci ta gama yayinta. Akasin haka aka gani. A 1975 Amurka ta yi dokar da ta ba yara masu buƙata ta musamman 'yancin karatu a makarantun gwamnati, yaran da a da ake ajiye su a gida ko a asibiti. A 1984 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Tatro, kan wata yarinya da aka haifa da lalurar ƙashin baya, wadda sai an sa mata robar fitsari bayan kowace awa uku zuwa huɗu. Kotu ta ce wajibin makaranta ne ta samar da mai yi mata. A 1999, a shari'ar Garret F., ta faɗi haka nan game da wani ɗalibi da ke numfashi da na'ura. Daga nan ɗakin nas ya cika da abubuwan da Lina Rogers ba ta taɓa gani ba: auna sukarin jinin yaro kafin ya ci abinci da lissafa allurar insulin ɗinsa, allurar gaggawa ga wanda jikinsa ya ƙi wani abu har maƙogwaronsa ya fara toshewa, shirin abin da za a yi idan farfaɗiya ta tashi a tsakiyar darasi. Ga kuma yaron da ke zuwa kullum da ciwon ciki a daidai lokacin darasi guda, wanda gogaggiyar nas ta san ba cikin ne ke ciwo ba. Duk wannan ita kaɗai take yi. Nas ɗin asibiti tana da likita a kusa da abokan aiki a gefe, ta makaranta kuwa sau tari ita ce kaɗai mai ilimin lafiya a ginin gaba ɗaya.

A cikin wannan yanayi ne batun karramawa ya taso, kuma su da kansu suka taso da shi. Aikin jinya gaba ɗaya ya riga ya samu nasa: an kafa lambar ƙungiyar Red Cross mai ɗauke da sunan Florence Nightingale, shahararriyar nas 'yar Birtaniya, a 1912, aka fara bayar da ita a 1920. Amma wannan ta fi karkata ga jarumtar fagen yaƙi da bala'o'i. Nas-nas na makarantun Amurka sun kafa sashensu a cikin ƙungiyar malamai ta ƙasa a 1968, suka ɓalle suka zama ƙungiya mai cin gashin kanta, NASN, a 1979. Ranar nas ɗin makaranta ta fara a 1972, yanzu kuma tana faɗowa ranar Larabar da ke cikin makon ma'aikatan jinya, 6 zuwa 12 ga Mayu, wanda ke ƙarewa da ranar haihuwar Nightingale. Rassan ƙungiyar na jihohi kan zaɓi gwarzuwar shekara, a karrama su a babban taron ƙasa. Akwai kuma jarrabawar ƙwarewa ta musamman da mai so ke zaunawa don ta nuna cewa wannan fanni ne mai zaman kansa. Yabon gwani ya zama dole, amma abin lura shi ne yawancin wannan yabo daga 'yan'uwa yake fitowa, waɗanda suka san wahalar. Mutanen waje sai annoba ta zo suke waiwayowa.

An ga haka a Afrilun 2009. Wata safiyar Alhamis ɗalibai suka fara tururuwa zuwa ɗakin Mary Pappas, nas ɗin makarantar St. Francis Prep a unguwar Queens ta New York, kowa da zazzaɓi. Kujeru suka ƙare, layi ya kai baranda. Kafin a tashi ta sallami sama da ɗari. Ba ta jira ba, ta kira hukumar lafiya ta birni ta ce akwai abin da ba daidai ba. Gwaji ya tabbatar murar aladu ce, kuma wannan shi ne babban gungun masu cutar na farko da aka gano a Amurka. Sunanta ya shiga jaridu. Abin da ta yi ranar kuwa, wato sanin adadin yaran da ta saba gani da lura da ranar da adadin ya kauce, shi ne abin da dubban takwarorinta ke yi kowace safiya. Haka aka sake yi a 2020, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe wa ma'aikatan jinya da ungozoma don cika shekara 200 da haihuwar Nightingale, sai ga korona. Nas-nas ɗin makarantu suka koma masu gwaji, masu bin diddigin wanda ya yi cuɗanya da wa, masu amsa kiran iyayen da suka fusata.

Masu kare sana'ar sun fahimci cewa tafi ba ya biyan albashi, don haka suka koma ga abin da ya yi wa Wald aiki, wato lissafi. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan makarantun jihar Massachusetts ya gano cewa duk dala ɗaya da aka kashe wa nas ɗin makaranta tana dawo da dala 2.20. Kaso mafi tsoka na ribar ba daga kuɗin asibiti ya fito ba, daga lokacin malamai ne, waɗanda da babu nas su za su ajiye alli su koma jinya. A 2016 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ajiye tsohon ma'aunin nas ɗaya ga ɗalibai 750, ta ce kowace makaranta ta samu tata ta cikakken lokaci. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan hidimar lafiya a makarantu, tana ba ƙasashe shawarar su kafa ta cikakkiya.

Shawara dai shawara ce. A Ingila, inda ɗaukar nauyin wannan aiki ya koma hannun ƙananan hukumomi a 2013, adadin nas-nas ɗin makarantu raguwa ya yi ba ƙaruwa ba. A Amurka ma makarantu da dama rabon nas suke yi, Litinin tana nan, Talata tana can, sauran ranakun kuma sakatariyar ofis ce ke riƙe da makullin akwatin magani. Ba abin mamaki ba ne a tarar wadda aka miƙa wa allon yabo a watan Mayu tana zagaya makarantu huɗu a mako, daidai adadin da aka ɗora wa Lina Rogers a watan gwajinta na 1902.